Zaɓen wurin hutu da iyali: abinci, sallah da sirrin mata

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka saba fita hutu da iyali, a taimaka mana da abin da aka gani da ido. Wace ƙasa ce mutum zai kai mata da yara, ya ci abinci hankali kwance, ya yi sallah a kan lokaci, mata kuma su sami sirri? Me ake dubawa kafin a biya kuɗin otal?

Mai Shirya Tafiya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka tsaya a kan sunan ƙasa. Cewa ƙasar Musulmi ce bai gama magana ba, otal ɗin da ka kama da kicin ɗin da ake dafa maka su ne abin dubawa.

Maleshiya ce mafi sauƙi ga wanda zai fara. Hukumar JAKIM ke ba da shaidar halal, kuma gidan abincin da ya samu yakan manna tambarin a ƙofa ko kusa da wurin biyan kuɗi. Manyan kantuna, filin jirgi da wuraren hutawa na babbar hanya duk suna da ɗakin sallah da suke kira surau, da wurin alwala na maza daban na mata daban. A yawancin otal, ɗaga kai kawai za ka yi, ka ga kibiya a silin tana nuna alƙibla. Amma a Kuala Lumpur da Penang akwai gidajen abincin 'yan asalin Sin da ke girki da naman alade da kitsensa. Allon da ya ce ba a sayar da alade ba shi ne shaidar halal ba. Yana iya yiwuwa ana zuba giyar shinkafa a miya, ko kazar ba yankan Musulmi ba ce. A Singafo tambarin MUIS, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, za ka nema, kuma a rumfunan abincinsu har wurin mayar da faranti an raba, na halal gefe guda.

Maman 'Yan Biyu:
Sai na ƙara a kan Indonesiya. Bali ta fi suna, amma mafi yawan mutanenta mabiya Hindu ne, gasasshen alade kuma yana cikin abincin da suke ji da shi. Ana samun halal, sai dai da nema. Tsibirin Lombok da ke gabas da ita Musulmi ne suka fi yawa, masallatai ko'ina, bakin teku kuma bai kai na Bali cunkoso ba.

Maganar sirrin mata kuwa, Turkiyya ta yi gaba. A yankin Alanya da Antalya akwai otal-otal da ba a shigar da giya ko kaɗan, da wurin ninƙaya na mata zalla, ma'aikatansa mata, kuma ana karɓar waya a bakin ƙofa don kada a ɗauki hoto. Amma Alhaji, a rubuce za ka tambaye su, kada ka dogara da hoton talla. Wurin matan a kewaye yake ta yadda ba a hango shi daga barandar ɗakunan sama? Nasu ne duk yini, ko sa'o'i biyu aka ware musu da safe? Bakin tekun ma an raba, ko wurin ninƙayan ne kaɗai? Ɗa namiji har shekara nawa ake barin ya bi mahaifiyarsa ciki? Wannan ta ƙarshe ita ke ɓata wa iyalai shiri, domin kowane otal da nasa ƙa'idar, sai a wayi gari uwa tana ciki yaro yana kuka a waje.

Ɗan Kasuwa:
Gaskiya ne Hajiya. Akwai kuma otal da zai ce maka ba giya, alhali daga firijin ɗakinka kawai ya kwashe, mashaya tana nan a ƙasa da kiɗa har tsakar dare.

Maldibs misali ce mai kyau. Ƙasar Musulmi ce, amma kashi biyu take ga baƙo. Tsibiran da aka keɓe don manyan wuraren shaƙatawa suna da izinin giya da naman alade, shigar baƙi kuma yadda suka ga dama. Tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, babu giya, akwai masallaci da kiran sallah, kuma masaukansu sun fi araha nesa ba kusa ba. Ko a can akan ware wani yanki na bakin teku don Turawa masu kayan wanka, sai ka san inda yake kafin ka zaɓi ɗaki. Ka lura kuma galibin jiragen ruwa na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a. Wanda ya sauka ranar sai dai ya hau na haya mai gudu, ko ya kwana a Male, babban birnin ƙasar.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jirgi:
A tuna da abincin cikin jirgi. Emirates, Qatar Airways, Turkish Airlines da Saudia abincinsu duka halal ne. A sauran kamfanoni sai an nemi abinci na musamman mai lambar MOML, aƙalla sa'o'i 48 kafin tashi don a kauce wa matsala. Inda ake tuntuɓe shi ne tikitin haɗin gwiwa: sunan kamfani ɗaya ke kan tikiti, jirgin wani daban ne zai ɗauke ka. Duba wanda zai yi jigilar, ka nema a wurinsa. Idan aka canza maka jirgi ko lokaci, buƙatar takan ɓace, sai an sake shigar da ita. In kamfanin ba shi da MOML, nemi VGML, abincin da babu nama, madara ko ƙwai a ciki.

Mazaunin Turai:
Ƙasashen da ba na Musulmi ba, abin da ba a gani a faranti shi ne matsala. A Japan ana girki da wasu mahaɗai biyu da suke kira mirin da sake, duka daga giyar shinkafa suke, suna shiga miya da romon tsoma kifi. Taliyar ramen irin ta tonkotsu romon ƙashin alade ce, ko da kaza aka ɗora a sama. Sai dai sun yi ƙoƙari ta wajen ibada, akwai ɗakunan sallah a filayen jirgin Narita, Haneda da Kansai, ga babban masallacin Tokyo Camii. A Sifaniya kitsen alade na shiga wasu kayan fulawa da zaƙi, ba nama kaɗai ba. Alawa mai danƙo da wasu kayan zaƙi masu sanyi suna da jelatin, wanda a Turai galibi daga alade ake samo shi. Sinadarin abinci mai lambar E471 kuwa yana iya zama na tsiro ko na dabba, sai kwalin ya fayyace.

A Ingila tambarin halal biyu za ka fi gani, HMC da HFA. Bambancinsu a kan sumar da dabba kafin yanka ne, HMC ba ta yarda da shi ba. Wanda ke da matsaya a kai ya duba.

Mai zuwa ganin tarihin Andalus a Sifaniya ya sani tsohon masallacin Kurɗuba coci ne a yau, ba a barin a yi sallah a ciki. A Garnaɗa akwai masallaci a unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, yana fuskantar fadar Alhambra. Banɗakunan Turai kuma babu tiyo, a sa 'yar buta mai naɗewa a jaka.

Malam:
Madalla da bayanai. Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. A watan Yuni a Landan, asuba takan shigo wajen ƙarfe uku na dare, isha'i kuma sai kusan sha ɗaya. In aka ƙara arewa, shafaƙi ba ya gushewa duk dare, manhajojin waya su yi ta saɓa wa juna. Mafita ita ce a bi jadawalin masallacin garin. Ramadan kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a lissafa kafin a yanki tikiti.

Ƙasaru tana halatta a tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80. A wajen Malikiyya da Shafi'iyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya zai cika sallarsa, Hanafiyya suka ce kwana 15. Don haka hutun mako guda a otal ɗaya ba hukuncinsa ɗaya da yawo gari-gari ba. Kamfas ɗin waya na neman alƙibla kuma ƙarfen gini na ruɗa shi, a gwada kusa da taga a wuri biyu, ko a daidaita da taswira.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri. Malam, Uzbekistan fa? Ina sha'awar Bukhara da Samarƙand.

Malam:
Wuri ne mai kyau ga mai son tarihi, kabarin Imamul Bukhari yana wajen garin Samarƙand, jirgin ƙasa mai sauri daga Tashkent, babban birnin ƙasar, zuwa can kuma sa'o'i biyu ne da 'yan mintuna, amma kujerunsa na ƙarewa da wuri, a saya tun da nisa. Ana sayar da giya a gidajen abinci da yawa. Naman doki ma yana cikin girkinsu, har a kan shinkafar da suke kira filof akan ɗora shi. Malamai sun yi saɓani a kansa, mashhurin Malikiyya hani ne, saboda haka a tambayi mai kawo abinci naman mene ne kafin a zuba.