Na riga na ce masa "na sallama", sai ga wani da ƙari

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da shawara. Na sa gidana a kasuwa saboda an sauya min wurin aiki. Wani bawan Allah ya zo da maiɗakinsa suka zaga ɗaki-ɗaki, har tana auna tagogi da tafin hannu saboda labule. Ya taya, na yi albarka sau biyu, a na uku na ce na sallama. Muka yi musabaha a gaban dillali. Bai ba da kafin alƙalami ba, ba mu rubuta komai ba, ya ce in ba shi mako 3 ya haɗa kuɗi. Yau kwana 11. Jiya wani dillalin ya kawo mai saye da ƙari mai tsoka, kuɗi a hannu, yana ta ce min ai ciniki sai da takarda. Zuciyata ta rabu biyu. In na sayar wa na biyun na ci amana?

Wani lauya: Ɗan'uwa, ta fuskar doka dillalin bai yi ƙarya sosai ba. Ƙasashe da dama ba sa ɗaure cinikin gida da fatar baki. A Ingila tun 1677 aka yi dokar da ta nemi shaidar rubutu a cinikin fili da gida, ta 1989 kuma ta ce sai yarjejeniya rubutacciya mai sa hannun ɓangarorin biyu. Shi ya sa a can mai gida kan juya wa mai saye baya ana gab da musayar takardu, kotu kuma ba ta iya yi masa komai. Amma dokar wuri daban-daban ce, ka ga lauya a inda gidan yake, musamman in mutumin ya riga ya kashe kuɗi saboda maganarka.

Wani malami: Barista ya faɗi na kotu. A fiƙihu ciniki yana ƙulluwa ne da ijabi da ƙabuli, wato furucin sayarwa da na amincewa, rubutu da shaidu kariya ce, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Imamu Malik yana ganin da an furta an gama. Shafi'i da Ahmad sun ba kowa zaɓi matuƙar ba a tashi daga majalisin ba. To ku kun tashi tun kwana 11, ka ga ta kowace hanya "na sallama" ɗinka ta kama ka. Ga kuma hanin da ya zo a hadisi na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, in na biyun ya san da maganar. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce iƙala: ka je ka roƙi mai saye na farko ya warware cinikin da yardarsa. In ya ƙi, haƙƙinsa ne.

Wata 'yar'uwa: Yaya, ni aka taɓa yi wa haka. Har na sanar da mai gidan hayarmu za mu tashi, na ɗaure kwanuka a kwali, sai mai sayarwa ya daina ɗaga wayata. A bakin dillali na ji an sayar. Wata 2 kayana suna jibge a garejin yayata. Ɓoye-ɓoyen nan ya fi ƙona min rai a kan rasa gidan.

Wani ɗan kasuwa: Ni fa ina tausayin mai gida. Mutum nawa ne suka ce "mako uku" daga nan ko ƙeyarsu ba a sake gani ba? Alhaji, kira mai saye na farko yau, ka faɗa masa gaskiya an kawo ƙari amma kana nan a kan bakanka. Ku zauna ku rubuta farashi, ranar biya, da abin da zai faru in ranar ta wuce, ya ajiye wani abu a gaban shaidu. Kada ka mai da ƙarin sandar matsa masa ya ƙara kuɗi. Shi kuwa dillalin da ke zuga ka, la'adarsa yake hange.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira shi bayan la'asar. Ashe har ya sayar da motarsa ranar Talata. Gobe zai zo da ƙaninsa mu rubuta, wa'adi yana nan yadda muka yi. Ɗaya dillalin ya kira ni sau 4, yanzu zan ɗaga in ba shi haƙuri.