Me za mu kira "capacité manuelle" da Hausa?

Kine, Garwa: Assalamu alaikum. Ni kine ce, wato mai aikin motsa gaɓoɓin marasa lafiya. Ranar Asabar ina da zama da iyayen yaran da taɓuwar ƙwaƙwalwa ta hana gaɓoɓinsu motsi sosai, abin da muke rubutawa IMC a katin asibiti. Zan yi musu bayanin MACS, ma'aunin yadda yaro ke amfani da hannuwansa, mai matakai biyar, da aka fitar a Suwidin a 2006 don 'yan shekara 4 zuwa 18, da ƙaraminsa Mini-MACS na 'yan shekara 1 zuwa 4. Abokiyar aikina ta ɗauki Fulatanci, Hausa kuwa a wuyana take. Me zan ce wa "capacité manuelle", sunan Faransanci na abin da ma'aunin ke aunawa?

Ɗan rediyo, Injamena: Wa alaikis salam Yaya. Ƙarfin hannu mana.

Kine, Garwa: Ƙanena, ba ƙarfi ake aunawa ba. Akwai yaron da in ya damƙe maka yatsa sai da ƙyar za ka ƙwace, amma ba zai iya kai ludayin kunu bakinsa ba. Uwa muke tambaya yadda yake yi da kayan yau da gobe, da hannu biyu tare: kofi, cokali, murfin kwalba, cire riga. Kuma abin da ya saba yi kullum muke nema, ba wanda ya taɓa yi sau ɗaya ba.

Maman biyu, Ngaundere: Aikin hannu fa?

Malamin Hausa, Marwa: A'a Hajiya, aikin hannu ai saƙa ce da dukanci. Ni na ce "hannuntaka". Muna da jaruntaka, muna da abokantaka. Kalma ɗaya tak, ta shiga ƙamus. Sannan 'yata, mene ne kuma "kine"? Gashin ƙashi ake cewa.

Ɗan rediyo, Injamena: A Kano ke nan, Baba. A nan ka ce gashin ƙashi, wajen mai ɗori za a kai yaro. Har yaushe sai Kano ta sa mana hannu kafin maganarmu ta zama Hausa?

Malamin Hausa, Marwa: Ba Kano nake karewa ba, harshen nake karewa. Yaranmu rabin zancensu Faransanci, sauran Fulatanci. In ba mu ƙirƙira ba, nan gaba me za su gada?

Ɗalibi, Kusuri: Gafarta Malam, jarumi da aboki mutane ne, shi ya sa ɗafin "-ntaka" ya zauna musu. Hannu gaɓa ce. Ai ba ma cewa ƙafantaka.

Malamin Hausa, Marwa: Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka fara faɗinta. Hannuntaka za ta zauna in kun bar ta.

Maman biyu, Ngaundere: Don Allah ku saurare ni, ni ce mai irin wannan yaro. Shawara ta kama shi yana jariri, ɓarin dama ya yi rauni. Da hagu yake ci, manya suna ta faɗa wai zai zama bahago, alhali damar ce yake danne kwano da ita, kuma wannan ma ci gaba ne. In aka ce mini hannuntaka zan yi shiru ne kawai don kunya. In aka ce "yaya yake sarrafa abu da hannunsa", sai in ba da labari har a gaji.

Kine, Garwa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. "Sarrafa abu da hannu" ta yi mini. Saura matakan nan biyar. Na ɗaya yana sarrafawa ba wahala. Na biyu yana yi, sai dai a hankali ko ba tsaf ba. Na uku sai an shirya masa. Na huɗu 'yan abubuwa masu sauƙi kawai, da taimako. Na biyar komai sai an yi masa. Tsorona, uba ya ji "mataki na biyar" ya ɗauka ɗansa ne a sama.

Ɗalibi, Kusuri: Ki ce rukuni, ba hawa a cikinta.

Malamin Hausa, Marwa: Rukuni daidai ce. "Sarrafa abu da hannu" kuwa jimla ce, ba suna ba, ban gamsu ba. Ki faɗa wa iyaye haka ranar Asabar, amma kada a buga ta a takarda sai mun sake zama.

Kine, Garwa: To Baba, a baki kawai zan faɗa. IMC ɗin kanta fa? Mutane shan inna suke cewa, kuma ba ita ba ce.