Amurka na ba ƙananan garuruwa kuɗin tace ruwa, mu a jahar Tawa ina za mu nufa?

Mai_Shato:
Assalamu alaikum. Na ji a Amurka dokar 2021 ta ware dala biliyan 5 domin garuruwan da ba su kai mutum 10,000 ba, su cire sababbin gurɓatattun sinadarai irin su PFAS (sinadaran masana'antu masu daɗewa ba su ruɓe ba) daga ruwan sha. Gari mai foraj ɗaya da shato ɗaya, kewaye da garakan albasa kamar na wajen Galmi, akwai irin wannan tallafi gare shi? Kuma wace na'ura za a saya?

Injiniyan_Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kuɗin na garuruwansu ne, hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ke raba shi ta hannun jihohinsu, ba ya fita waje. Sannan kada ku fara da sayen na'ura, ku fara da awo. PFAS ya fi yawa kusa da masana'antu, filin jirgin sama da inda ake amfani da kumfar kashe gobara. A yankinku abin da zan fi zargi shi ne maganin ƙwari da taki, musamman in ruwan ba mai zurfi ba ne. Iyakar da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa: nitirat (mai zuwa daga taki) miligiram 50 a lita, sinadarin fulowa 1.5. Wanda ya san abin da fulowa ta yi wa haƙora da ƙasusuwan yaran Tibiri ba zai yi wasa da ita ba, ko da ba sabuwa ba ce.

A ɗebi ruwa sau biyu, ƙarshen rani da bayan damina. A bar famfo ya zuba minti goma tukuna. Na maganin ƙwari a kwalbar gilashi mai duhu, cikin kula da ƙanƙara, a kai Yamai da wuri. Na PFAS kuwa ba a gilashi ba, a gorar roba ta musamman, kuma kada murfin ya kasance da robar Teflon, shi kansa yana ɓata sakamako. Ku tambayi LANSPEX, ɗakin awo na ƙasa da ke Yamai, abin da suke iya aunawa kafin ku ɗiba.

Hajiya_Komin:
Zancen kuɗi, Malam, ƙofarku komin ce, tunda ruwan karkara a hannunta yake. A kai sakamakon awo ofishin ma'aikatar ruwa, a sa aikin cikin tsarin ruwa da tsabta na komin. Abin da ba ya cikin tsarin, da wuya mai tallafi ya dube shi, ko ANFICT mai ba komin-komin kuɗin aiki, ko manyan ayyukan ruwa irin PISEN na Bankin Duniya. Kuma masu tallafi gini suke biya, ba sa biyan canjin gawayin tace ruwa shekara da shekaru. Wannan daga kuɗin bokiti zai fito, don haka a zauna da mai kula da foraj da ƙungiyar masu shan ruwa tun kafin a rubuta takarda.

Injiniyan_Ruwa:
Gaskiya ne Hajiya. In awo ya nuna maganin ƙwari ko PFAS, ga lissafi: in famfo na ba da lita 5,000 a awa, ana son ruwa ya yi aƙalla minti 10 cikin gawayin tacewa na masana'anta, wato kusan lita 830 na gawayi, wajen kilo 400. Gawayin girki ba ya yi. A yi tanki biyu a jere, a riƙa auna ruwan tsakaninsu, in na farko ya ƙoshi a canja shi, na biyu ya koma gaba. In ruwan na da ƙarfe, mai mayar da bokiti ja, sai an sheƙa masa iska an tace da yashi tukuna, in ba haka ba gawayin zai toshe cikin 'yan watanni. Jabel a ƙarshe ake sa shi, don gawayi na shanye shi.

Gawayin nan ba ya kama nitirat ko fulowa. Tafasawa ma ƙara musu ƙarfi take yi, tunda ruwa ne ke tashi. In su ne matsalar, sau da yawa sabon foraj, ko haɗa ruwan da na wata rijiya mai kyau, ya fi na'urar osmos (mai matse ruwa ta cikin siririyar matata) sauƙi, ita da ke cin wuta kuma tana zubar da kwata ko fiye na ruwan.

Mai_Shato:
Na gode ƙwarai. Za mu ɗibi na rani a watan Mayu, in na samu takardar zan sako alƙaluman nan.