Neman shawara: wane wasan kaboyi na rediyo ya dace da yaro ɗan shekara 12?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ya ci karo da tsofaffin wasannin kwaikwayo na kaboyi waɗanda gidajen rediyon Amurka suka watsa a da, kuma ya matsa mini in bar shi ya riƙa saurare. Ina son abin, domin zai saba masa da jin Turanci, amma harbe-harbe da zaman mashaya da ke cikin irin waɗannan labarai suna ba ni tsoro. Da wanne ya kamata ya fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara masa da The Lone Ranger, wanda tashar WXYZ ta birnin Detroit ta soma watsawa a 1933, kuma domin yara aka shirya shi. Jarumin ba ya shan giya ko taba, ba ya ashar, kuma idan harbi ya zama dole yakan nufi kwance wa mugu makami ne ba kashe shi ba, sannan ya miƙa shi ga hukuma. Harsashinsa ma na azurfa ne, don ya riƙa tuna cewa rai abu ne mai tsada. Sai dai ki lura da abokinsa Tonto, ɗan ƙabilun asalin Amurka da Turawa suka tarar a can, wanda aka sa wa gurɓataccen Turanci a baki. Ya kamata yaron ya san cewa mutanen Tonto ne aka raba da ƙasarsu.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan Malam, amma wasan Gunsmoke kam a dakata masa tukuna. Tashar CBS ta watsa shi daga 1952 zuwa 1961, inda William Conrad ya fito a matsayin Matt Dillon, jami'in tsaro a garin Dodge City na jihar Kansas, kuma domin manya aka rubuta shi. A ganina ya fi sauran zurfi, saboda Dillon mutum ne mai gajiya da baƙin ciki, wani lokaci yakan isa wuri bayan aikin gama ya gama, amma duk da haka yakan tsaya shi kaɗai a gaban gungun masu neman rataye fursuna, ya ce alƙali ne zai yanke hukunci. Mai saurare yana jin takun takalminsa a kan daɓen katako da haushin kare daga nesa, har tsoron ya shige shi. Wannan nauyi ya fi ƙarfin ɗan shekara 12.

Amsa ta uku:
Hajiya, tunda Turanci kike so ya koya, ki nemi The Six Shooter na tashar NBC, daga 1953 zuwa 1954. James Stewart, wanda ya fito a matsayin jarumin wasan Britt Ponset, yana magana a tsanake, Ponset kuma ya fi son sasanta rikici da baki. Kowane kashi kusan rabin awa ne, don haka ki saurara tukuna kafin ki ba shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan saurari The Six Shooter a daren yau, idan ya kwanta mini mu ci gaba tare ranar Asabar.