"Mai haƙuri kan dafa dutse": to, wa ke shan romon?

Ɗan Tela
Assalamu alaikum jama'a. Jiya muka yi cacar baki da maigidana. Wata uku ke nan kuɗin ɗinkina na hannunsa, kullum sai gobe. Da na matsa, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa." Yana faɗa yana kaɗa mukullin sabuwar motarsa. Wallahi bakina ya mutu, na koma kan keke na ci gaba da taka shi. Tun daren jiya nake juya maganar. An yi ta ne don ƙarfafa wa mai nema guiwa, ko don a toshe bakin wanda aka danne wa haƙƙi?

Malam Na-Gefe
Wa alaikumus salam. Maganar ba ta da laifi, bakin da ta fito ne bai dace da ita ba. Manomin da ke jiran damina, ko ɗalibin da ya yi shekaru a gaban allo, su ake faɗa wa haka. Amma wanda haƙƙinka ke aljihunsa ba shi zai yi maka wa'azin haƙuri ba. Ya zo a hadisi cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Naka gumin na wata uku ai ya bushe har ya bar shaida a riga.

Sarkin Zolaya
Ni tambayata ɗaya: da me za a dafa dutsen? Gas ko gawayi? Don a halin da ake ciki, kafin ruwan ya tafasa mai haƙurin ya sayar da tukunyar.

Alhaji Sannu-Sannu
Ku yaran yanzu gaggawa ce ke cin ku. Shekara tara na yi ina yaron shago, ana zagina ina cewa na gode. Ranar da maigidana ya sallame ni da jari, waɗanda suka yi zuciya suka tafi su ne suka dawo neman aiki wurina. Ɗana, ka bi a hankali. Kada ka zubar da na hannu saboda kuɗin wata uku.

Uwar Biyu
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma ku nawa kuka fara zaman shagon nan, ku nawa aka sallama? Wanda dutsensa ya dahu shi muke jin labarinsa. Waɗanda suka tsufa a bakin murhu suna hura wuta ba mai zuwa ya tambaye su.

Jikar Inna
Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Ita da hannunta ta dafa dutse, ba a karin magana ba. Ku ba ni wuri.

Tana da ƙuruciya, kakanmu ya kwanta ciwo kusan shekara, sai ta shiga aikatau a gidan wani attajiri. Su biyar ne, wankau da shara da ɗiban ruwa. Uwargidan ba ta zagi, ba ta tsawa, sai dai in an zo maganar biya ta langaɓar da kai ta ce, "Haba 'yar nan, mai haƙuri kan dafa dutse." Haka har wata bakwai. Ana nan lokacin haraji ya zo, masu karɓa ba ruwansu da ciwo, tunda namiji ne baligi sai ya biya. Inna ta ga an shanya wani maƙwabcinsu a rana saboda haraji, ta san saura mijinta.

Sai aka tashi biki a gidan. Ranar wuni, tun da asuba, Inna ta shigo da wani dutse kamar kan jariri a cikin zaninta. Ta wanke shi tas, ta saka a babbar tukunyar da aka aro don bikin, ta cika ruwa, ta hura wuta da itacen bikin. Sauran huɗun suka ajiye tsintsiya da guga, suka zo suka kewaye murhu suka zauna.

Sarkin Zolaya
Allahu akbar! Ci gaba, Hajiya, na gyara zama.

Jikar Inna
Baƙi suka fara cika gida, tsakar gida ba shara, randuna ba ruwa, rabin itace ya tafi. Uwargida ta fito ta buɗe tukunya, ta ga dutse yana ta juyi a tafasasshen ruwa. Ta ce, "Ke, hauka kike yi?" Inna ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "A'a Uwar ɗakina, umarninki nake bi. Wata bakwai kina cewa in dafa, yau na ɗora. In ya yi romo, ke zan fara zuba wa." A gaban dangin ango! Ta ce wata tsohuwa cikin baƙin ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Maigidan ya ji hayaniya ya aiko a biya su a rufa masa asiri. Huɗun an ba su nasu cif. Inna kuwa rabi aka ba ta, wai an cire kuɗin itace, aka ce kada ta ƙara taka gidan. Rabin ya biya harajin. Dutsen kuma ta naɗe abinta ta tafi da shi, shi ne matokarin ƙofar ɗakinta har ta rasu. Mun sha tuntuɓe da shi muna yara.

Alhaji Sannu-Sannu
To kun gani. Rabi ta samu, ta rasa aiki. Da ta ƙara haƙuri fa?

Jikar Inna
Baba Alhaji, abin da zai ba ka mamaki, ita ba ta taɓa cewa karin maganar ƙarya ce ba. In mun tsokane ta, cewa take yi haƙuri ne ya zaunar da ita a gaban murhun nan ana zaginta ba ta tanka ba, ga hayaƙi a ido, ga cikinta na ɗurar ruwa don tsoro. Wai wanda ba shi da haƙuri da tuni ya ɗauki dutsen ya yi jifa da shi.

Kwamared
Ku lura da abin da kowa ya tsallake: da ita kaɗai ta zauna, da korar mahaukaciya za a yi mata. Huɗun da suka ajiye tsintsiya su suka sa aka buɗe jaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yajin aiki Inna ta yi, sunan ne kawai ba ta sani ba. Abin da su Michael Imoudu, jagoran 'yan ƙwadago, suka yi ke nan a 1945, ma'aikatan jirgin ƙasa da sauransu suka ajiye aiki sama da kwana 40 a kan tsadar rayuwa, Turawa na ji na gani. Awa takwas ɗin da ake tashi daga aiki ma ba kyautar masu masana'antu ba ce, sai da aka zubar da jini a birnin Shikago na Amurka a 1886. Harajin da ya tura Inna ga murhu kuwa, tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 su Malam Aminu Kano ke yaƙi da zaluncin da ke cikinsa, ana ɗaure su ana yi musu bulala. Sai 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Malam Na-Gefe
Kwamared, ka kawo wa Alhaji hujja ba ka sani ba. Daga 1950 zuwa 1979 shekara 29 ke nan. In wannan ba dafa dutse ba ne, mene ne? Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku tana fitowa tana komawa kan bakanta. Me za ka kira wannan?

Kwamared
Juriya, Malam. Ba irin haƙurin da ake rubuta wa talaka a takardar jawabi ba.

Sarkin Zolaya
Kwamared ya buɗe aji, a kawo allo. Ni dai na san wani bawan Allah da ke ce mana mu ƙara haƙuri, wai wahalar ta ɗan lokaci ce. Daga cikin jirgin sama yake faɗa. Mu ke hura wuta, su ke riƙe da ludayi.

Uwar Biyu
Namu ɗan siyasar na nan ma hularsa irin ta Malam Aminu ce, tabarau ma irin nasa. Ranar tunawa da Malam shi ke fara kuka. Ma'aikatan gidansa kuwa sai ka ji tausayinsu.

Alhaji Sannu-Sannu
An fara. Duk maganar da aka ɗauko sai kun kai ta siyasa. Ni ruwana da yaron nan ne, yana da iyali.

Ɗan Tela
Na gode, Baba. Kwamared, mu huɗu ne a shagon, amma biyu ƙannen matarsa ne, ka ga ba inda za a. Da safe na je na gaishe shi, na karanta masa hadisin da Malam ya kawo. Ya yi shiru, ya ƙirgo na wata ɗaya ya ba ni, ya turo mini ɗinki kala goma sha biyu wai ana so jibi.

Sarkin Zolaya
Ka sha kashi ɗaya cikin uku na romo. Inna ta fi ka da kaɗan.

Ɗan Tela
Yaya Jikar Inna, don Allah dutsen yana nan?

Jikar Inna
Yana wurin ƙanwar babata, ta hana kowa taɓawa. Gefe ɗaya ya tsage, ita ta ce zafin wutar ranar ne, babata ta ce ƙarya ne, kawunmu ne ya fasa kwakwar manja da shi. Shekara ashirin suna wannan musun.

Sarkin Zolaya
Ki tambayar mana ko tana bayar da haya. Akwai ofisoshi uku da nake son kai shi.