Wa ya taɓa shuka tsiron fadamar nan mai ganye kamar zogale?

Mai tambaya, daga Cambridge:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu. A watan Yuli na kai yara Wicken Fen, fadamar nan da ke kusa da garin Ely a Ingila. A bakin ramukan ruwa na ga wani tsiro, tsayinsa ya kai min ƙugu, da fure ruwan ƙwai mai haske a cunkushe a kansa, ga ɗan ƙamshi. Ganyayen ƙanana ne a jere bisa siraran rassa, ka rantse zogale ne. Wata ma'aikaciyar wurin ta ce sunansa Thalictrum flavum. Akwai wani lungu a bayan gidana da ruwa ke kwanciya, ba abin da ke yi a wurin. Zai yi? Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.

Daga Leeds:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin komai, kada ki tuge shi daga daji. Dokar ƙasar nan ta 1981 ta hana tuge kowane tsiron daji sai da izinin mai filin, ita kuwa wannan fadama tana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da filayen daji, tun 1899. Masu sayar da irin furannin daji suna da shi, iri da dashe duka. Ni dashe na saya, na sa a ƙasa mai laka inda rana ke samu rabin yini. Shekarar farko sai ganye kawai, har maigidan ya fara tsokanata wai na sayi ciyawa da kuɗi. Daga baya ya yi fure, kuma ya soma rarrafe ta ƙarƙashin ƙasa, don saiwarsa tafiya take yi a kwance tana fitar da sababbin kai. Lungun naki shi ne daidai wurinsa. Ki dai ba shi fili, kar ki matse shi da bango.

Daga Minnesota:
Nan Amurka namu daban ne da naku, amma gida ɗaya. Biyu na sani da idona. Na farko, Thalictrum dioicum, gajere ne, yana son inuwar bishiyoyi, yana fure tun Afrilu zuwa Mayu. Na biyu, dasycarpum, dogo ne, a wuri mai dausayi yakan fi mutum tsayi, karansa da shuɗi-shuɗi mai ja, sai Yuni ko Yuli yake fure.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne furen. Ku matsa kusa ku duba, ba shi da faffaɗan ganyen fure irin na sauran furanni. Abin da ido ke gani 'yan zaruruwan da ke ɗauke da garin fure ne. A gajeren nan suna reto ƙasa, iska kaɗan sai su kama rawa, don iska ce ke kai garin, ba ƙudan zuma ba. Kuma namiji daban, mace daban. Maƙwabciyata tana da gindi ɗaya tak, namiji, tana ta jiran iri shekara da shekaru. Sai da na raba mata macen daga nawa. Naki na Ingila ba ki da wannan damuwar, fure ɗaya ya haɗa duka.

Daga Toronto:
Ni daga iri na fara, kuma gaskiya yana son haƙuri. Irin ba ya tsirowa sai ya sha sanyi da danshi. Hanya mafi sauƙi, ki watsa shi a Oktoba a tukunya, ki rufe da ƙasa kaɗan, ki bar shi waje hunturu ya yi aikinsa. In kin makara, ki cuɗa shi da yashi mai danshi a leda, ki sa a firji kamar kwana 60. Sabon iri ya fi tsoho tashi nesa ba kusa ba. Fure kuwa sai shekara ta biyu ko ta uku. Da sanyi samansa mutuwa yake yi ƙurmus, don haka ki kafa ɗan itace a wurin, kar a zo gyaran lambu a sare shi da fartanya.

Daga Kano:
Ƙanena ya kawo min irin daga Jamus. Na yi dabarar firjin, ya tsiro kuwa, na ajiye a inuwar mangwaro. Zafin Maris na shigowa ya ƙone tas, duk da ban-ruwa safe da yamma. Ko mutanen Jos da Mambila za su dace?

Daga Ngaundere:
Malam na Kano, akwai ɗan uwansa na Afirka, rhynchocarpum, amma shi ma ɗan tsauni ne. Yana fitowa a Dutsen Kamaru da tsaunukan Habasha da Kenya, cikin kurmi mai sanyi da hazo. A can na taɓa ganinsa, wajen Buea, siriri yana jingina da wasu tsirrai. Kano kam a haƙura.

Daga Birmingham:
'Yata mai tambaya, tunda kin ambaci zogale dole in sa baki. Kada kowa ya kai shi tukunya, kada a bar yara su tauna. Danginsa, Ranunculaceae, masu guba sun yi yawa a cikinsu, shi ma yana da sinadaran da ba na ci ba. Ki nuna wa yaran bambancin: bakin ganyen zogale a mulmule yake, na wannan kuwa yawanci a tsage yake gida uku. Akwai kuma furen lambu da ake kira Aquilegia, kafin su yi fure sai ki ɗauka abu ɗaya ne. Thalictrum ɗin da ke lambuna ɗan ƙasar Sin ne, delavayi, mai fure shunayya. Shi sai da sanda, iska na kwantar da shi.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya, na gode kowa, Allah ya bar zumunci. Zan yi odar irin in watsa a Oktoba. Saura abu ɗaya, lungun nan cike yake da dodon koɗi. Suna cin sabon tohonsa, ko suna ƙyale shi?