Wa ya taɓa shuka tumfafiya da gangan?

Daga Gashuwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan fili a bayan gida, yashi zalla, duk furen da na siyo a gefen titi da zarar an shiga Maris sai ya ƙone, ga ruwan ma da kura muke siyansa. Sai na lura tumfafiyar da ta fito da kanta a jikin katanga ita ko a jikinta, kore shar har da furanni, malam buɗe littafi na ta zarya a kanta. Ina son in ƙara guda uku ko huɗu amma maman yara ta ce wai wa ya taɓa shuka itacen kufai a gida. Wanda ya gwada ya ba mu labari.

Daga Maraɗi: Wa alaikumus salam. Malam ni na gwada, kuskuren da na fara yi shine na je daji na haƙo babba da fartanya na dasa, kwana huɗu ta yi ta bushe. Saiwarta doguwa ce, tana nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa ba ta jin rani, in ka tsinke ta shikenan. Ka jira kwallon nan mai kumburi ya tsage da kansa, za ka ga iri ruwan ƙasa kowanne da audugarsa, ka cire audugar ka binne shi sama sama a inda kake son ta zauna, farkon damina. Ni ban ƙara ba ta ruwa ba tunda ta kai gwiwata.

Daga Katsina: Ni dai ja muku kunne zan yi. Bara ina sassabe reshe da rana nonon ya fantsamo min a ido na dama, da farko ɗan zafi kaɗan na ji na ce ba komai, kafin magariba komai ya zama hazo kamar an shafa min man kaɗe a ido, ko lambar waya bana gani. Sai da aka kai ni asibiti aka ba ni maganin ɗigawa, kusan sati kafin ya washe. Likitan ya ce da na wanke da ruwa mai yawa nan take da abin bai kai haka ba. In akwai ƙananan yara ka sa ta can ƙarshen fili, kuma kar ka yanke ta ba tabarau.

Daga Gashuwa: Subhanallahi, Allah ya ƙara kiyayewa Yaya. Wannan kam in maman yara ta ji shi an gama da ni.

Daga Damagaram: Hahaha ka lallaɓa ta. Abin da zan ƙara, kar ka yi feshi in ka ga ganye na hujewa. Ni na yi, na ga wasu tsutsotsi masu zanen fari da baƙi da rawaya da wasu 'yan ƙahonni kamar zare, na ɗauko maganin ƙwarin wake na tsiyaya musu, ashe 'ya'yan malam buɗe littafin ne, wannan mai ruwan lemu da baƙin baki da ɗigon fari. Ganyen suke ci, dafin ya zauna a jikinsu tsuntsu ya ƙyale su. Da na bar na gaba sai ga ɗaya ta rataye a ƙasan ganye ta koma wani ɗan kore mai ɗigon zinare kamar ɗan kunne, ni da ɗiyata kullum da safe sai mun leƙa, bayan sati ɗaya da 'yan kwanaki muka tarar da ɓawon fayau. Baƙin ƙudan nan babba mai huda katako shi ma kullum yana kan furen.

Daga Arizona ta Amurka: Ku kuna da ita kyauta kuna raina ta, nan kuɗi muke sawa mu siyi 'yar'uwarta a tukunya. Tasu ta hamadar nan kusan ba ta da ganye, tsinkaye ne kawai masu nono, ana shuka ta saboda malam buɗe littafin nan da ke ƙaura daga Kanada da Amurka har dutsunan Meziko. Tawa ta farko ruwa ne ya kashe ta, tausayi ya sa kullum nake ba ta har saiwar ta ruɓe.

Daga Maraɗi: Af na manta, ka riƙa tsinke kwallayen kafin su fashe in ka samu irin da kake so, in ba haka ba iska ta kwashe audugar, baɗi ka ga tumfafiya har tsakar gidan maƙwabci ya zo yana maka sallama da safe.

Daga Gashuwa: Na gode ƙwarai. Akwai kwallo biyu a ta jikin katangar, na ɗaure su da tsohon gidan sauro ina jira su tsage. Guda biyu kawai aka amince min, can bayan turken awaki.